Yadda Rowar Wuƙata Ta Yi Mana Rana

Shekarun baya, can wajen ƙarshen shekarun tamanin, lokacin ina budurwa a Salaga, babu abin da ya fi haɗa ni faɗa da mahaifiyata kamar gyaran doya. Kakanninmu fataken goro ne, da goro ya sauya hanya sai zuri'a ta koma doya da hatsi. Mahaifiyata tana da rumfa a bakin kasuwa, tana saro doya daga Kpandai da ƙauyukan kewaye, ta tara, a yi mata lodi zuwa Kumasi. Ni kuwa da na gama makaranta ban sami aikin ofis ɗin da nake ta cika baki a kansa ba, sai aka miƙo mini wuƙa da kujera 'yar tsugunno.

Ga wanda bai san sana'ar ba, duk doyar da ta bugu wajen lodi, ko fartanya ta sare ta a gona, wurin yakan fara ruɓa. Aikina shi ne in yanke wurin, in shafe shi da toka, in jera a inuwa ya sha iska. A baki abu ne mai sauƙi. Amma ni ina da ciwo guda: ba na iya ganin farar doya tana faɗuwa ƙasa. Sai in bi baƙin da tsinin wuƙa a hankali, kamar wanzami a kan jariri, in ƙwaƙule shi kaɗai in bar sauran, har ina jin daɗi wai na yi tattali. Bayan kwana biyar ko shida sai doyar ta yi ruwa daga ciki, a zubar da ita gaba ɗaya.

Mahaifiyata, wadda duk muke kira Mma, ta yi faɗan har ya zama kamar karatun allo. "Ke dai Allah ya yi ki da rowar wuƙa," in ji ta. "Ruɓa ba ta tsayawa inda ido ya gan ta. Ki yanka har ki ga fari tas, sannan ki ƙara kaurin yatsa ɗaya." In ce, "To, Mma." Washegari in sake abin da na saba. Har sauran matan kasuwa suka ɗauka, in na wuce su ce ga mai rowar wuƙa nan.

Wata safiya muna shirin fita kasuwa, Mma ta kira ni ɗaki ta kama hannuna ta ɗora a gefen nononta na hagu. Na ji wani abu mai tauri, bai wuce ƙwallon dabino ba. Ta ce ta kusa wata biyu da jin sa, amma ba ya ciwo, kuma abin da ba ya ciwo ai ba ciwo ba ne. A ranar na rubuta wa yayana wasiƙa, shi tela ne a Yendi, na ba direban da ke zuwa can. Kwana uku sai ga shi da kansa, bai ko zauna ya sha ruwa sosai ba ya ce Mma ta ɗaura kaya, akwai likitan fiɗa a garinsu.

A Yendi abin bai ɗauki lokaci ba. Likitan, wani matashi mai fara'a, ya duba ya ce zai cire ƙullun. Mma ta yarda ba gardama, don a ganinta tsakuwa ce a cikin shinkafa, a tsince ta a ci gaba da cin abinci. Aka cire, aka ɗinke, ta farfaɗo tana tambayar ko an ba awakinta ruwa a Salaga.

Sai likita ya kira ni da yayana gefe. Ya nuna mana wata kwalba a toshe, da ƙullun a ciki yana iyo cikin wani ruwan magani mai sa ido hawaye. Ya ce sai an kai shi Kumasi an duba kafin a san ko mene ne, kuma a lokacin 'yan uwan majiyyaci ne suke kaiwa da kansu, in suna son abin ya yi sauri. Yayana ya dube ni, na dube shi. Ya ce shi ɗinkin mutane ya yi masa yawa, kuma ai ni ce 'yar boko. Gaskiyar magana ita ce tsoron kwalbar yake ji, ko kusa da teburin bai matsa ba.

Da Mma ta ji cewa wani yanki na jikinta zai yi tafiya har Kumasi, ta ce sam ba za a kai shi cikin tsumma kamar kayan marar gata ba. Ta sa matar yayana ta fito da sabon kwanon samira mai murfi, aka zaunar da kwalbar a ciki aka tokare ta da auduga. Ta ciro zanenta na zuwa biki ta ɗaure kwanon da shi, ɗauri mai kyau da kunne biyu a sama, irin na kai wa surukai abinci. "Ki riƙe shi a cinya," ta ce. "Kada ki ajiye ni a ƙasa."

Na dawo Salaga na hau lorin doya. Daga nan sai Makango, inda ake jiran jirgin fito ya tsallake da motoci zuwa Yeji. Duk wanda ya taɓa bin hanyar nan ya san jiran jirgi na iya cinye wuni, kuma ya san al'adar wurin: kowa ya kwance guzurinsa, a yi wa juna bismilla. Wannan ta buɗe dafa-duka, waccan ta buɗe soyayyen kifi, direbanmu ya fito da ƙosai. Ni ma aka miƙo mini na ci, na ci sosai ma, don tun asuba ban sa komai a bakina ba. Amma kwanona yana kan cinya a ɗaure, da zanen biki, yana ta ƙyalli a idon mutane.

Na ga ana satar kallonsa. Can wata dattijuwa mai sayar da gishiri ta kasa haƙuri. "Yarinya, kin ci namu kin ƙoshi, naki kuma na miji ne? Buɗe mu gani mana, ko ƙamshi mu ji."

Na ce wa dattijuwar, "Ki yi haƙuri, ba abinci ba ne."

"Ba abinci ba ne, cikin samira? Da wannan ɗauri? Kai, yaran yanzu akwai rowa paa, ba kaɗan ba!"

Aka kwashe da dariya. Ga ni nan, rowa a rumfa, rowa a bakin ruwa. Direbanmu, wanda ya daɗe yana ɗaukar wa Mma kaya, ya ce, "Ku bar shi, ni na san shi, ko doya ma ba ya iya yankawa." Haka yake magana, mace da namiji duk "shi" ne a bakinsa. Da na ga abin zai zama abin kunya ga gidanmu, sai na ce a hankali, "Naman mahaifiyata ne. An yi mata aiki, zan kai a duba."

Dattijuwar ta janye ƙafarta daga kusa da ni, ta yi salati, sannan ta matso kuma fiye da da. Ta dafa murfin kwanon ta yi addu'a mai tsawo, kowa yana amin. Daga nan har muka tsallaka ba a bar ni na tsaya a rana ba, kuma direba ya tashi wani fasinja daga gaba ya ce, "Maman mu ne zai zauna a nan." Haka ni da kwanon muka shiga Kumasi a gidan gaba, abin da Mma kanta ba ta taɓa samu ba a duk shekarun fataucinta.

Na miƙa kwalbar da takardar likita, aka ce in dawo bayan sati uku. Da na koma, sai aka shigar da ni wurin wani tsohon likita mai furfura da tabarau. Mutumin Asante ne, amma ya ce kusa da zango, unguwar Hausawa, ya tashi, Hausa a bakinsa kamar ruwa. Ya tambayi me mai ƙullun take gare ni, na gaya masa. Sai ya ce in zo in leƙa cikin madubin nan nasu mai ƙara girman abu. Na leƙa. Ni dai ban ga komai ba sai zane-zane ja da shuɗi kamar atamfa, amma na gyaɗa kai irin na masu ilimi.

Ya ce, "'Yata, ba zan ɓoye miki ba, ciwon daji ne. Amma ki saurara da kyau. Ƙullun da ya shiga kwalba ya gama nasa, ba shi zai cuci mamanki ba. Mu a nan ba ƙullu kaɗai muke dubawa ba, har naman da ke kewaye da shi, maƙwabtansa. In maƙwabta suna nan lafiya, sun tsare gida, hankali ya kwanta. In kuwa sun fara sauya hali, sun yi tauri, sun buɗe masa hanya suna ciyar da shi, to akwai sauran aiki. Ku Hausawa ai kuna cewa da ɗan gari akan ci gari."

Ya nuna mini wani gefe, ya ce a nan ciwon ya kai har bakin inda wuƙa ta tsaya, ke nan akwai yiwuwar saura a jikinta, ko da ido ba ya gani, hannu ba ya ji. Ya ce likitan farko ya yi daidai, sai an cire an duba ake sanin haka. Yanzu abin da ya rage shi ne a koma a cire nonon duka, da kaluluwar hammata, kuma kada a ja lokaci. Na tambaye shi in ba a yi ba fa? Ya cire tabaransa ya goge, ya ce, "Ki sa a yi."

Na dawo Salaga na tarar gida cike da murna. Mma ta warke sarai, ɗinki ya kame, har ta koma kasuwa. Goggona, yayar mahaifinmu marigayi, ta zo dubiya tun daga Bawku da buhun albasa da ƙullin magunguna. Goggo mace ce mai murya, in tana raɗa a tsakar gida ana ji a bakin rijiya. Na bari aka ci abinci, sannan na karanta takardar na fassara musu.

Mma ta saurara har ƙarshe. Sai ta ce, "Sun ce ƙullu, na ba su ƙullu. Yanzu kuma nono suke so? Gobe sai su ce kai."

Na ce, "Mma, wai naman da ke gefen ne ya..."

"Naman da ke gefe lafiyarsa lau. Ba ciwo, ba kumburi, ba ruwa. Ku shida na shayar da shi. Nama mai lafiya ba a kai shi mahauta."

Goggo ta karɓe zancen. "Gaskiyarki! Daji ba ya son ƙarfe, kowa ya sani. An taɓa shi sau ɗaya Allah ya rufa asiri, za a koma a tsokano shi? Maƙwabciyata a Bawku haka aka yi mata, yanka ɗaya, ko wata huɗu ba ta ƙara ba." Ba da mugunta Goggo take faɗa ba, ta yi wa matar wankan gawa da hannunta ne, kuma tsoronta na gaske ne.

Aka shiga ja-in-ja. Yayana ya bar ɗinkin mutane ya zo daga Yendi, ya yi lallashi, ya yi fushi, har ya yi kuka, Mma ta ce ya share ido ya koma wurin keken ɗinkinsa. Ni kuma na fito da bokona. Na samo takarda na zana nono, wanda Goggo ta ce ya fi kama da tulu, na zana ƙullu da jijiyoyi suna fita, na yi ta jefa kalmomin Turanci ko za su yi nauyi. Mma ta karɓi takardar ta naɗe goro da ita. Sati biyu muna haka, ta sha maganin Goggo, ta fita kasuwa, ta dawo tana raha.

Ba zan ɓoye ba, a kwanakin nan na ji tsoron da ban taɓa ji ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne lafiyar da take ciki. Sai in gan ta tana ciniki, tana dariya har da tafa hannu, ni kuwa ina jin muryar tsohon likita yana cewa kada a ja lokaci. Ina kallon uwata tana tafiya da ƙafarta zuwa inda ba zan iya janyo ta ba, kuma duk karatuna ya kasa ba ni kalma ɗaya da za ta shiga kunnenta.

Ranar wata kasuwa aka sauke mana laribako daga Kpandai, doyar nan mai daɗin sakwara wadda ba ta jure wahala. Ina zaune ina gyara, hannu na aiki, zuciya na wani wuri. Goggo na gefe tana ɓare gyaɗa tana ba mutane shawarar da ba su nema ba. Mma ta zo wucewa ta wurin waɗanda na gyara satin da ya gabata, ta ɗauki ɗaya ta juya ta. Wurin yankan ya bushe, toka ta kama, kyakkyawa da shi. Ta danna babban yatsa can nesa da yankan, sai yatsan ya nutse.

Na san abin da zai biyo baya. Ta fizge wuƙar daga hannuna ta tsaga doyar gida biyu, ta ɗaga ta sama yadda duk rumfar za ta gani. Daga ƙarƙashin busasshen yankan, ruɓa ta yi jijiya ta bi cikin farin nama har ta wuce rabi.

"Dubi nan! Ku taya ni gani, jama'a! Baki ya bushe, ciki ya tafi. Ta cire abin da idonta ya gani ta shafa toka, wai ta gama aiki. Sau nawa zan gaya miki, ruɓa ba ta tsayawa inda ido ya gan ta? Wannan farin da kika ji tausayinsa, shi ne ya kashe doyar! Da kin yanka har..."

Sai ta tsaya. Wuƙa a hannu ɗaya, rabin doya a ɗayan. Ta dubi doyar, ta daɗe tana dubanta. A hankali ta ajiye wuƙar, hannun ya tafi gefen ƙirjinta na hagu ya zauna a kan mayafi.

Ni kuwa bakina ya buɗe, zan ce ai abin da nake ta faɗa ke nan tun sati biyu. Kafin kalma ta fito sai na ji an take mini ƙafa, takawa ta gaske. Goggo ce. Ko kallona ba ta yi ba, idonta na kan doyar, gyaɗa ta zube daga cinyarta ba ta sani ba. Ita ma ta gani. Na haɗiye maganata, kuma har gobe ina gode wa wannan ƙafa ta Goggo, don da na yi magana, girman kai irin na uwa da 'ya zai iya ɓata komai.

Can Mma ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Wannan likitan naki na Kumasi, ya taɓa sayar da doya ne?"

Na ce, "Ban sani ba, Mma."

"Ya san aiki." Ta jefar da doyar cikin kwandon shara, ta goge hannu da gefen zane. "Ki aika wa yayanki. Jibi muna hanya."

Goggo ta share ido da bakin mayafi ta ce, "To ai ni ma abin da nake shirin faɗa ke nan." Babu wanda ya musa mata.

Ranar aikin, a Yendi, ana shirin shiga da ita sai ta riƙe hannun rigar likita. "Ɗana, ina da magana. Ka ga wannan?" Ta nuna ni. "Rowar wuƙa gare ta. Kada ka yi mini irin aikinta. Ka yanka har ka ga fari tas, sannan ka ƙara kaurin yatsa." Likitan ya yi dariya har ya dafa bango, ya ce a duk shekarun karatunsa ba a taɓa taƙaita masa aikinsa haka ba. Goggo, mai cewa daji ba ya son ƙarfe, ita ce ta zauna a bakin ƙofa da carbi har aka fito, kuma ita ta yi jinya kwana goma ba ta yarda kowa ya karɓe ta ba.

Aka sake ba ni saƙon Kumasi. Wannan karon samira ta yi kaɗan, sai bokiti mai murfi, amma zanen bikin dai shi ne. Direban nan yana hango ni ya buɗe gidan gaba ba tare da na roƙa ba. A Makango labari ya riga ni isa, ba wanda ya ce in buɗe, sai ma tura mini abinci ake yi ta ko'ina har na rasa inda zan sa. Wata ta ce in ci da yawa, ai mu biyu ne.

Sati ukun da suka biyo baya sun fi shekara tsawo. Da na shiga wurin tsohon likita, tun daga ƙofa na ga yana murmushi. Ya ce, "Gefe duka fari. Kaluluwa ma babu komai. Maƙwabtan nesa sun tsare gida." Ya ce za ta riƙa shan wata ƙwaya shekaru, ta kuma riƙa zuwa ana dubawa, sauran kuma na Allah ne. Ban san lokacin da na durƙusa a tsakiyar ofishinsa ba. Na ba shi labarin doyar, ya yi ta dariya, ya ce in gaya wa Mma bai taɓa sayar da doya ba amma yana cin ta. Lodi na gaba Mma ta zaɓi laribako goma da hannunta ta aika masa.

Dawowata Salaga kuwa, ban jira lori ya gama tsayawa ba. Tun daga bakin kasuwa na leƙo ta taga ina ihu, "Fari tas! Mma, fari tas!" Direba ya ɗora hannu a kan odar mota ya ƙi ɗagawa. Matan rumfa suka fito, Goggo ta rangaɗa guɗar da na tabbata an ji ta a Kpandai, Mma na zaune a kan kujerata tana dariya hawaye na zuba, tana cewa a yi mata a hankali ɗinki bai gama kamewa ba. Ranar an daka sakwara turmi uku a gidanmu, da miyar gyaɗa da zabi, duk wanda ya wuce sai an kira shi. Goggo ta koma Bawku tana gaya wa kowa cewa likitoci sun yi nasu, amma maganinta ne ya rufe aikin. Mun bar mata.

Kafin ta tafi ta ɗinka wa Mma wani ɗan matashi da audugar rimi, ta sa a gefen da ya zama fili don riga ta zauna daidai. Mma ta sa shi kwana biyu ta ce zafi. Ta zazzage audugar ta mayar da shi jakar goro. Daga ranar, in baƙo ya zo sai ta zura hannu a ƙirji ta ciro goro ta miƙa, tana cewa, "Wancan ya shayar da yara, wannan yana ciyar da manya." Da jikoki suka zo sai aka ƙara alewa. 'Yata ta fari ta kai shekara bakwai tana zaton kowace kaka haka Allah ya yi ta, har ta taɓa zura wa kakarta ta wajen uba hannu a riga, ta fito tana kuka wai an cinye.

Akwai abin da ya kamata in amsa a nan. Da labarin ya bazu, mutane suka ce dabara na yi, wai da gangan na bar ruɓa a doyar don Mma ta gani da idonta. Aka yi ta yaba hankalina, har ana kafa misali da ni. Ni kuwa na yi shiru na karɓi yabon shekara da shekaru. To yau na faɗa: babu wata dabara. Ban iya gyaran doya ba ne kawai. Mma ta sani, don duk lokacin da aka yabe ni a gabanta sai ta dube ni ta gefen ido ta ce, "Uhm, hikima."

In na tuna maƙwabciyar Goggo da ire-irenta, nakan ji tausayi, don daga baya na gane yawanci ba ƙarfe ne ya kashe su ba, sun isa wurin ƙarfen ne bayan abu ya yi nisa. Mu Allah ya taimake mu muka je da wuri, kuma ya ba mu uwa mai ji in gaskiya ta zo mata da harshen da ta sani. Na kuma koyi cewa mutum ba ya karɓar magana don an fi shi karatu. Duk zanen da na yi da Turancin da na zuba, amsar tana bakin Mma tun ina yarinya, kullum tana jefo mini ita.

Mma ta yi shekara ashirin da 'yan kai bayan wannan. Ta yi mini wankan jego sau huɗu, ta je Makka, ta ga auren jikarta, kuma abin da ya ɗauke ta a ƙarshe ba shi da alaƙa da wancan ciwo. Yanzu ni ce ake yi wa faɗa a kicin. In ina feraye doya na tarar da baƙi, 'yata takan tsaya a kaina tana cewa, "Haba Mma, wannan ai ɓarna ce, kin zubar da rabi." Sai in yi murmushi, in yanka har in ga fari tas, sannan in ƙara kaurin yatsa ɗaya. Wannan yatsan ne ya bar mini uwa shekara ashirin.